Likita Miller na Zariya, Baƙon da Ya Yi Sallama a Ƙofar Hausawa



A zangon karatun da ya wuce, wata Lahadi da yamma, 'yan ƙungiyar FCS sun dawo daga ziyarar da sukan fita, sai wani yaro ɗan aji uku ya tare ni a bakin ofishin malamai. Ya ce shi bai ga dalilin da zai sa mutum ya bar inuwa ya tafi ƙofar gidan wanda bai kira shi ba domin ya yi masa zancen addini, alhali kowa a gari ya san inda majami'a take, mai so ya zo da ƙafarsa. Ya ƙara da cewa a gida biyu ko tabarma ba a shimfiɗa musu ba. Na ba shi amsa irin ta malamin da yake sauri, amsar kuwa ko ni ba ta gamshe ni ba, balle shi. Shi ya sa da aka ba ni fili a littafin shekara na bana, na ga gara in ba da labarin wani mutum wanda ya yi shekara fiye da 50 yana wannan aiki a tsakanin Hausawa, aka kore shi, aka karɓe shi, ya yi daidai a wasu wurare, ya yi kuskure a wasu. Sunansa Likita Walter Miller.

An haife shi a shekarar 1872 a garin Honiton, a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew na birnin Landan. Saurayin da ya riƙe takardar likita a Ingila ta wancan zamani ba ya rasa abin kansa, da ya so da ya zauna a gida ya tara dukiya. Amma a shekarun nan labarin ƙasar Hausa ya fara yawo a majami'un Ingila: ga wata babbar al'umma a bayan kogin Kwara, masu birane da ganuwa, masu fatauci har bakin teku, masu karatu da rubutu, bishara kuwa ba ta kai gare su cikin harshensu ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Waɗanda suka riga shi gwadawa ba su ji da daɗi ba. A 1890 Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson suka sauka Lakwaja da niyyar wucewa ƙasar Hausa. Robinson ya rasu a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, ba wanda ya ga ganuwar Kano a cikinsu. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas, su ne tushen mishan ɗin SIM: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da rashin lafiya. Miller likita ne, ya san abin da zazzaɓin cizon sauro da atuni suke yi wa Bature. Duk da haka ya miƙa kansa ga ƙungiyar CMS, ta ikilisiyar Angilikan.

A nan ne amsar tambayar ɗalibina ta fara. Mutanen nan sun karanta ƙarshen Bisharar Matiyu, inda Ubangiji ya aiki almajiransa zuwa ga dukan al'ummai, suka ɗauke shi a kan umarni ne wanda ya hau kansu su ma. Akwai kuma abin da Manzo Bulus ya faɗa wa Romawa a sura ta fari, cewa yana ganin kansa mai bashi ne ga kowane irin mutum. Wanda ake binsa bashi, in mai gaskiya ne, ba ya zama a gida yana jiran mai kuɗi ya zo. Shi ne yake tashi ya nemi gidan. Ku tuna da kutaren nan huɗu na ƙofar Samariya a Littafin Sarakuna na Biyu, sura 7, waɗanda suka tarar da abinci a sansanin da maƙiya suka gudu suka bari, suka ci suka ƙoshi, sa'an nan zuciyarsu ta kāshe su domin mutanen birni suna mutuwa da yunwa su kuwa sun yi shiru. Wanda ya gaskata da gaske cewa ya sami abin da yake ba da rai, zama da shi a ɗaki yakan yi masa nauyi.

Abin da ya fi burge ni a rayuwar Miller shi ne abin da ya fara yi. Bai doshi Kano kai tsaye ba. Wajen 1899 ya tafi Tarabulus, a bakin tekun Bahar Rum, wadda take hannun Turkawa a lokacin. Can ne ayarin fatake da mahajjata masu ƙetare hamada suke yada zango, akwai kuwa Hausawa mazauna garin. Ya zauna a cikinsu yana koyon Hausa daga bakin masu ita. A can ya haɗu da wani yaro ɗan ƙasar Katsina mai suna Abdulmajid Tafida, wanda yake kan hanyar Makka. Daga baya yaron nan ya sake nemo shi, ya zama kamar ɗansa, ya kuma taimake shi ƙwarai a sha'anin harshe. Kafin 1901 ta wuce har Miller ya buga ɗan littafin koyon Hausa domin Turawa. Ɗalibai, ku lura da wannan. Mutumin ya koyi gaisuwa kafin ya je ƙofa. Sau da yawa nakan ga yaranmu sun fita ziyara ba su iya ko tambayar gajiya da iyali yadda ya kamata ba, sun tsaya a kan dattijo kamar masu karɓar haraji, sa'an nan su dawo suna cewa an ƙi Maganar Allah. Wani lokaci rashin ladabinsu aka ƙi, Maganar ba a ma kai ga jin ta ba.

A watan Janairu na 1900 ayarin mutum biyar ya tashi daga Legas a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. Akwai Miller, da Rabaran Richardson, da Rabaran Dudley Ryder, da wani mai suna Burgin. Babu jirgin ƙasa zuwa Arewa tukuna, sai bayan shekara goma sha ɗaya ya iso Kano. Tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, da 'yan alaro ɗauke da kaya, wata uku suna hanya. A Zariya Sarki Kwasau ya karɓe su da mutunci. Suka wuce Kano cike da sa zuciya. Sarkin Kano Alu ya sa aka shigo da su fada, ya ji abin da ya kawo su, ya ƙi, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari.

Littattafan mishan na dā sukan ba da labarin nan kamar Sarki Alu mugu ne kawai. Ni ban ga haka ba. Ranar 1 ga Janairun shekarar nan ce Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewa duka ta shiga hannunsu. Sai ga Turawa biyar a ƙofar Kano, ba wanda ya gayyace su, ba su riƙe da takardar Sarkin Musulmi. Wane sarki ne zai iya rarrabe Baturen bishara da Baturen bindiga a irin wannan rana? Shekara uku bayan haka, a Fabrairun 1903, sojan Turawa suka fasa ganuwar Kano. Shi Lugga kansa bai ji daɗin tafiyar su Tugwell ba, gama ta tashi hankalin sarakuna kafin ya shirya. Ko Ubangiji da ya aiki almajirai saba'in biyu biyu, a Luka sura 10, ya gaya musu tun da wuri cewa akwai garin da ba zai karɓe su ba, ya kuma ce su fita su yi gaba. Bai ba su izinin karya ƙofa ba. Mai gida yana da ikon cewa a'a.

Suka juyo kudu suka zauna a Girku, garin nan da Gowans ya rasu shekara shida da suka wuce. A nan atuni ya kashe Dudley Ryder. Richardson aka mai da shi Ingila ba lafiya. Bukkokin da suka gina wuta ta cinye. A 1901 Miller kansa ya koma gida a raunane. In da lissafin kasuwa ake yi, an yi hasara ke nan, uwar kuɗi da riba. Amma shekara ba ta zagayo da nisa ba sai ga shi ya dawo.

A watan Maris na 1903, bayan an ci Sakkwato, Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu a addinin Musulunci ba. Jami'an da suka biyo bayansa suka fassara alkawarin nan da cewa ba za a bar 'yan mishan su zauna a ƙasashen sarakunan Musulmi ba sai da yardar sarki da ta Razdan, yardar kuwa ba ta cika samuwa ba. Saboda haka abin mamaki ne da Miller ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya a 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Ya zauna a unguwar Durumin Maigarke, cikin ganuwa, a tsakiyar mutane, ba a barikin Turawa ba. Shekara 24 mishan ɗin ya yi a wurin.

Yaya ake kai bishara gida gida a birni irin Zariya? Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san tsarin. Baƙo namiji ba ya wuce zaure. Ya tsaya a waje ya yi sallama, a aiko yaro ya ga ko wane ne, mai gida ya fito in ya ga dama, a shimfiɗa tabarma ko buzu, a kawo ruwa. A gaisa, a sake gaisawa, a tambayi gida da aiki da damina. Sai an gama wannan duka baƙo yake faɗin abin da ke tafe da shi, in ma mai gida ya ba shi fuska. Zauren malami kuwa makaranta ce, kotu ce, majalisa ce. Irin waɗannan zaurukan ne Miller ya yi ta shiga shekara da shekaru, yana zance da malamai da attajirai da talakawa cikin Hausar da su kansu suka shaida ta nuna. Abin da ya fi buɗe masa ƙofa shi ne akwatin magani. Wanda ka wanke wa gyambo, ko ka sauko wa ɗansa da zazzaɓi, ba zai bar ka a tsaye a rana ba. Cikin gida kuwa, wurin matan kulle, ba shi da hanya. Wannan sai mata 'yan mishan, cikinsu har da 'yar'uwarsa Ethel, su ne suke shiga. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun san wannan tun ba yau ba: akwai ɗakin da fasto ba zai taɓa gani ba, su kuwa suna shiga da ƙwaryar gaisuwar haihuwa.

Bari in ɗan ratse, domin kada wani ya ɗauka cewa bin mutane har inda suke da zancen Allah baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Mu da muke zaune a Bukkuyum da Gummi da Anka muna kan ƙasar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana yawon wa'azi a cikinta, a ƙarshen shekarun 1780, tun kafin jihadi. Bai zauna a Degel yana jiran Zamfarawa su zo ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda jajis, wato mata shugabanni masu sa malfa, suke zuwa wurinta su koyi karatu, su koma ƙauyuka suna koya wa mata a gidajensu. Maƙwabtanmu Musulmi har gobe suna fita wa'azi ƙauye ƙauye. A ganina malaman Zazzau ba su yi mamakin cewa Miller yana so su bi abin da ya gaskata ba, domin su ma haka suke so game da shi. Inda suka rabu shi ne a kan abin da ya ce game da Yesu, da mutuwarsa a kan gicciye, da tashinsa.

Sun kuwa rabu sosai. In aka ƙirga manyan mutanen birnin Zariya da suka karɓi baftisma a dukan shekarun nan, ba su da yawa ko kaɗan. Mutane sun sha maganinsa, sun yaba Hausarsa, sun yi muhawara da shi har dare, suka ci gaba da addininsu. Wanda ya tuba kuwa yakan rasa gado da mata da dangi. Ya kamata ɗalibanmu su san wannan, domin wasu suna zaton in ka yi ziyara uku ba wanda ya bi ka majami'a, to, Allah bai aike ka ba. Miller ya buɗe makarantar kwana ta yara maza a gidansa, yana koya musu karatun boko da Littafi. Wasu yaran 'yantattun bayi ne, wasu marayu. Bai taɓa yin aure ba, yaran nan su ne iyalinsa, har waɗansu suka ɗauki sunansa, zuriyarsu suna amsa shi har yanzu.

Sai a 1913 wani abu ya faru wanda ba shi ya shirya shi ba. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, a wajen shekarun 1860, an yi wani malami a Kano mai suna Ibrahim. Cikin karatunsa na Alkur'ani ya lura da irin girman da aka ba Annabi Isa, ya fara koya wa almajiransa su ba shi matsayi na musamman. Maganar ta kai fada, aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa wajen Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. Ba su da Linjila, ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, sai dai sun riƙe cewa wata rana za a zo musu da cikakken labarin Isa. Jikokin waɗannan mutane ne suka ji cewa akwai wani Bature a Zariya mai littafin Isa da Hausa, suka tako har ƙofar gidansa suka yi sallama.

Ku duba yadda abin ya juya. Mutumin da ya ƙetare teku, ya sha kora a Kano, ya binne abokinsa a Girku, ya yi shekara takwas yana bin zaurukan Zariya, girbinsa mafi yawa ya zo ne ta wurin mutanen da suka ƙwanƙwasa tasa ƙofar. Wani zai ce ashe da ya zauna a gida ma da sun zo. Ina! Da bai fito ba, da wace ƙofa za su samu? Shekarun nan da ya yi yana yawo a birni su ne suka sa sunansa ya kai ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taka ba.

Aka samar wa Isawan da suka karɓi bishara wuri a Gimi, a ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauyen masu bi, da gonaki da makaranta da ɗakin sujada. Wani baƙin mutum daga tsibiran Karebiyan, Rabaran W. A. Thompson, shi ne ya zauna tare da su. 'Yan shekaru kaɗan abin ya yi kyau. Sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya shiga garin ya yi ta ɗauka, babba da yaro. Dole aka tashi daga Gimi. Yaran da suka tsira aka kai su makarantar Zariya. Daga zuriyar Isawan nan ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Daga makarantar mishan ɗin nan kuma Dakta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda babban asibitin Barau Dikko na Kaduna yake ɗauke da sunansa. Haka kuma John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da 'yan ajin Hausa suka sani.

Yanzu sai in faɗi abin da ba a cika faɗa a taron tunawa ba. Miller mutum ne mai kaifin harshe da taurin kai. Ya yi faɗa da jami'an mulkin mallaka, yana zarginsu da ɗaure wa zalunci gindi da sunan mulki ta hannun sarakuna, a wurare da yawa kuwa yana da gaskiya, gama ya ga abin da ake yi wa talakawa da bayi da idonsa. Amma ya shiga sha'anin sarauta fiye da yadda ya dace da baƙo. Ƙarar da ya riƙa kaiwa tana cikin abubuwan da suka sa Turawa suka tuɓe Sarki Aliyu ɗan Sidi a 1920 suka kai shi Lakwaja, sarkin da a zamaninsa ne aka ba shi wurin zama. Ko da laifin da aka ɗora wa sarkin gaskiya ne, ku yi tunanin yadda mutanen birni za su dubi mai bisharar da yake da hannu a cire sarkinsu. A farkon zuwansa ma ya sa rai cewa cin ƙasar da Turawa za su yi shi ne zai buɗe wa bishara hanya, abin da ya sa har yau waɗansu suke haɗa bangaskiyarmu da mulkin mallaka. A shekarun 1920 kuma 'yar'uwarsa Ethel ta buga wata ƙasida mai zafi a kan addinin Musulunci, wadda ta ɓata wa Musulmi rai ƙwarai, ta kuma ba gwamnati hujjar ƙara matsa wa 'yan mishan. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 3, ya ce mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu, amma ya haɗa da sharaɗin tawali'u da girmamawa. Inda aka bar sharaɗin nan, ƙofar da magani ya buɗe a shekara goma takarda ɗaya takan rufe ta.

Gwamnati ta daɗe tana so mishan ya fita daga cikin birni, Miller yana turjewa. Ko bayan da aka fara sassauta wa 'yan mishan a ƙasashen sarakuna, an gindaya musu sharuɗɗa: ba wa'azi a kasuwa, ba wa'azi kusa da masallaci, ba bin gidajen mutane in ba a so. A 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa, bayan ganuwa, inda aka sami fili mai faɗi domin makaranta da asibiti. Aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai, da bakan gizo a ciki kamar soron sarki. A Wusasa ne Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa mai bishara ne na CMS. Amma Wusasa aikin sababbin hannu ne, irin su Guy Bullen. Zuciyar Miller tana cikin birni, wurin zauruka. Ya bar musu, ya koma Kano da zama, birnin da aka kore shi shekara 30 da suka wuce, ya duƙufa a kan aikin da ya daɗe yana yi da dare.

Aikin nan shi ne juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Ba shi ya fara ba. Tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna Schön ya juya waɗansu littattafai a Ingila, da taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu, wanda ya bi matafiyin nan Barth zuwa Turai. Amma Hausar Schön ta wanda bai zauna a ƙasar ba ce. Miller ya yi aiki tare da Hausawan da ya rena da malaman da ya sani, da kuma 'yan wasu mishan, irin su Dakta Andrew Stirrett na SIM, wanda Hausawa suke kira Bature Mai Magani. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, da rubutun boko, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna.

A nan ne nake ganin ziyarar Miller ta fi nisa. Dokar da ta hana Bature shiga gida ba ta hana littafi shiga aljihun ɗan kasuwa ba. Kabilun Filato da kudancin Zariya da Adamawa da Bauci, waɗanda kowace take da nata harshe, suka sami Littafi ɗaya da za su karanta tare, Hausa ta zama harshen sujada a yawancin ikilisiyoyin Arewa. Masu bishara 'yan ƙasa, waɗanda ba sa bukatar izinin Razdan kafin su gai da maƙwabci, suka ɗauke shi a jakar fata, a ƙafa ko a kan keke. Ta haka ya iso wannan yanki namu. 'Yan mishan sun zauna a Zuru, kudu da mu, tun shekarun 1920, a ƙarshen shekarun 1930 kuma SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato. A farkon shekarun 1960 aka fara Sabon Rai Don Kowa, inda aka koya wa kowane mai bi, manomi da tela da matar aure, cewa shaida ba aikin fasto kaɗai ba ne, suka riƙa fita biyu biyu. Da yawa cikin kakanninku ta haka suka fara ji: wani ya yi sallama da yamma, aka ba shi tabarma, ya buɗe Littafin nan. An sake fassara shi daga baya da Hausar da ta fi sauƙi, amma tsofaffi da yawa ayoyin da suka haddace na tsohon juyi ne.

Ɗalibina mai tambaya, ga abin da zan ƙara a kan amsar da na ba ka a bakin ofis. Gidaje biyun da ba a shimfiɗa muku tabarma ba, ba su yi muku laifi ba, kamar yadda Kano ba ta zama abar la'ana ba don ta sallami su Tugwell. Ku gaishe su gobe in kun haɗu a rijiya ko a kasuwa, in an yi musu rasuwa ku je ta'aziyya ba tare da kun ɗauki ƙasida ba. A kwanakin nan da hanyoyin ƙauyukanmu ba su da aminci, kada kowa ya fita sai da sanin malamin da ke kula da ƙungiya, kuma inda aka san ku. Gidan da ya fi kusa da kai shi ne ya fi wuyar shiga da bishara, domin su sun san halinka na ranar Litinin.

Miller ya ajiye aiki da CMS a 1935 ya koma Ingila. A can ya rubuta littafin tarihin aikinsa, wanda ya fito a 1936. Amma zaman Ingila bai karɓe shi ba, bayan shekara 35 yana cin tuwo yana mafarki da Hausa. A 1939 ya dawo Nijeriya, tsoho, ba a ƙarƙashin kowace ƙungiya ba. Ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce, a 1947 ya fitar da wani littafi yana tuhumar mulkin Ingila ko ya kāsa a Nijeriya, gama harshen nan nasa bai dakushe ba har tsufa. Ya rasu a 1952 a ƙasar Filato, kusa da Jos, yana da shekara 80, aka binne shi a ƙasar nan. Majami'ar ƙasa ta Wusasa tana nan tsaye, duk wanda hanya ta kai shi Zariya yana iya ratsewa ya gani.